Askin da Muka Yi wa Labarin Don Anselmo

Har yau idan bas ta bi da ni ta ƙofar tsangayar jami'ar nan, kawar da kai nake yi. Ginin bai yi mini laifin komai ba. Abin da muka aikata a ɗaki na goma sha huɗu, hawa na biyu, shi ne yake tayar mini da zuciya, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Sunana Mabel. Shekara ashirin da shida na yi a tsaye bayan kanta a wani shagon magani a garin Lanús, ina fama da rubutun likitoci. Da na cika hamsin da biyu sai na shiga jami'ar gwamnati, sashen koyon rubuta labari, tunda karatun kyauta ne, kuma tun ina yarinya nake jin wai akwai littafi a cikina. To, a can na haɗu da Don Anselmo Ledesma. "Don" ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na mata kuma "Doña".

Mai gyaran kujeru ne daga garin Temperley, shekarunsa sittin da bakwai. Shagonsa a gaban gidansa yake, inda ya gaji ubansa. Manyan yatsunsa sun baje saboda danna ƙusa, kuma ba shi da yawan magana, don ya yi rabin rayuwarsa da ƙananan ƙusoshi a baki, yana zaro su ɗaya-ɗaya. Sakandare ma bai yi ba, jarrabawar da ake yi wa manya marasa takarda ya zauna ya ci. Ranar farko ya zo da kwat da laƙataye, a tsakiyar yara masu yagaggun wanduna. Kafin ya zauna sai da ya kifar da kujerar ajin, ya duba ƙasanta, ya girgiza kai.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aiki?" in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

Na yi dariya, ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai. Daga nan muka saba.

Malaminmu shi ne Farfesa Lisandro Berruti. Littattafai biyu ya taɓa wallafawa, sirara, idan ka haɗa su ba za su tokare ƙofa ba. Kullum da mayafin wuya, ko ana zafin da kare ke haki. Amma fa ya iya magana, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Idan ya dube ka ya ce "akwai wani abu a nan", sai ka yi mako guda kana tafiya ba ka jin ƙasa.

"Dokokin ɗakin nan biyu ne," ya ce mana. "Ta farko: ranar da ake duba labarinka, bakinka a rufe. Ba bayani, ba kare kai, ba 'ai abin da nake nufi shi ne'. Mai karatu ba zai same ka a gefen gadonsa kana yi masa fashin baƙi ba. Don kada hannunka ya rasa abin yi, kai za ka riƙa zuba mana shayin mate. Ta biyu kuma, aski."

Sai ya ɗaga wani baƙin alƙalami mai kaurin baki. Kowannenmu zai sayi irinsa. Za a raba mana kwafin labarin mutum mako guda kafin ranarsa, duk kalmar da muka ga ba ta da amfani mu shafe ta baƙi ƙirin, yadda ko ka ɗaga takardar a rana ba za ka ga abin da ke ƙasa ba. Wai don kada zuciyar marubuci ta raya masa ya dawo da ita. A ƙarshe a tattara kwafi goma sha uku a danƙa wa mai labari, ya je gida ya sake rubutawa.

Ka duba wannan tsari fa. Kana zaune da filas a hammata, kana cika ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu da ake zuƙa da bututu, ka miƙa wa wannan ya zuƙe yana yanka ka, ya dawo maka da ƙoƙon, ka sake cikawa ka miƙa wa na gaba shi ma ya ɗora daga inda aka tsaya. A lokacin burge ni abin ya yi. Tir da ni.

Labarin Don Anselmo shafi goma sha ɗaya ne, da rubutun hannu, manyan baƙaƙe a tsaye kamar na allon shago. Wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku ya tafi rawar Asabar a kulob ɗin unguwa. Ba shi da takalmin fita, sai ya ari na wansa, wanda ya fi ƙafarsa nesa ba kusa ba, ya cusa audugar kujera a ciki don ya zauna. Ya hango wata yarinya mai rawayar riga, ya yi awa guda yana tara ƙarfin hali, ya je ya nemi ta yi rawa da shi. Suna juyi na biyu takalmin hagu ya fice, ya sulale a kan siminti har ƙarƙashin teburin masu kiɗa, auduga tana bin sa a baya. Kiɗa ya tsaya. Yarinyar ta taka da kanta, ta duƙa, ta ɗauko takalmin, ta leƙa cikinsa, ta dubi saurayin ta ce: "Bawan Allah, kai ka sa takalmin nan, ko takalmin ne ya sa ka?" Bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure. Sunan saurayin Anselmo, sunan yarinyar Nilda. Bai ma wahalar da kansa wajen canza sunaye ba.

A gida na karanta, na yi dariya har kyanwata ta bar mini ɗakin. Amma a aji ba wanda yake yarda ya fara dariya, sai an ga fuskar Farfesa. Ranar kuwa fuskar a tamke take.

Tadeo ne ya fara, wani ɗan shekara ashirin da biyu mai ɗan gemu kamar na bunsuru, wanda duk labaransa a kan wani mutum ne da ke kwance yana kallon rufin ɗaki.

"Da girmamawa, Kaka," ya ce, yana karɓar ƙoƙo daga hannun dattijon, "wannan ba labari ba ne, hirar bayan cin abinci ce. Ina ciwon yake? Kowa a ciki yana da kirki. Abin har gundura yake yi."

Da aka zo kaina, don kada a ce ban ga komai ba, na ce rawayar rigar ta yi yawa, an ambace ta sau biyar. Farfesa ya gyaɗa kai.

"Launi ado ne mai arha," in ji shi. "A cire."

Don Anselmo kuwa yana kan aikinsa. Yana zuba ruwa, yana miƙawa, har da goge bakin bututun da tsumma. Da aka tashi ya jera baƙaƙen takardun nan a jakarsa a hankali, kamar yadin mai kaya.

Jirgin ƙasa ɗaya muke hawa daga tashar Constitución, ni in sauka a Lanús, shi ya wuce. Ranar muka sami wurin zama, abin da ba kasafai ake samu ba, na ce masa ya yi haƙuri da maganar rigar.

"A'a, ai abin da na zo nema ke nan," ya ce. Da muka wuce gada ya ƙara da cewa: "Mabel, ni ba don in zama marubuci na zo ba. Matata ce, Nilda. Ciwon mantuwa ya kama ta, shekara uku ke nan. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanenta da ya mutu tun muna samari. Wata rana ta tambaye ni ko na zo karɓar kujera ne, ta ce maigidan ya fita. Amma idan na zaunar da ita bayan abincin rana na karanta mata wannan, ina zuwa inda ta ɗauko takalmin, in ce 'ta dube ni ta ce', sai in tsaya. Ita take ƙarasawa. Kalma ɗaya ba ta taɓa kuskurewa ba. Ta yi dariya, ta ƙare mini kallo, ta ce, 'Anselmo, ka tsufa.' Daga nan matata tana gida. Mu yi hira, ta tambayi 'yarmu Marisa, ta yi mini faɗa a kan gishiri."

"To me ya kawo ka wurinmu?"

"Lokacin yana raguwa. Da muna yin rabin awa, yanzu da ƙyar minti goma. Sai na ce ƙila rubutun ne ba shi da ƙarfi, tunda ni ba ilimi gare ni ba. Idan kujera ta fara saki, wurin mai sana'a ake kai ta. Shi ne na kawo labarin wurin masu sana'a, a ɗaure mini shi da kyau, ko zai riƙe ta ya daɗe."

Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa a aji. Ya ce koyarwa yake so, ba tausayi ba. Na yi masa alkawari, na sauka a Lanús idona cike da ƙwalla, ina jin kaina mutumiyar kirki. Wannan alkawarin shi na yi ta fakewa da shi daga baya, kuma na san fakewa nake yi.

Kusan duk bayan mako biyar layi yake zagayowa kansa. Duk abin da muka shafe, sai ya je ya cire shi tsaf, don a sana'arsa abin da mai kaya ya ce shi ake yi. Ya kulle littafinsa na farko a aljihun teburin shago, saboda Farfesa ya ce mai komawa tsohon rubutu matsoraci ne. Sabon da ya fito daga hannunmu shi yake karanta wa Doña Nilda kullum bayan abincin rana. A watan Afrilu rigar ta tafi. A watan Mayu wansa ya tafi, da masu kiɗa, da uwarsa da ta goge masa riga. A jirgi in tambaye shi, ya ce, "Ta ƙarasa. Ta ɗan yi jinkiri, amma ta ƙarasa."

A tsakanin nan aka duba nawa labarin, na wata mata mai shagon magani, ina kuma zan samo wata. Farfesa ya sa yatsa a kan sakin layi ɗaya ya ce, "Akwai wani abu a nan, Mabel. Kina da ido mai sanyi." Ido mai sanyi! Na je gida na tsaya gaban madubi ina neman sanyin. Mace mai jika biyu.

Sai ga watan Yuni, lokacin hunturu a wurinmu. Ana sanyi, tagar ɗakin a fashe, kowa ya dunƙule a cikin rigarsa, ƙoƙon mate ne kaɗai abu mai ɗumi. Tadeo ya buɗe kwafinsa, rabin shafi na huɗu baƙi ƙirin.

"Takalmi ya fita a wurin rawa?" ya ce. "Haba, Kaka. Wannan ai tatsuniyar yara ce. Kuma maganar da yarinyar ta yi, wa yake magana haka? Ba mutumin da yake faɗin abu daidai a lokacin da ya dace. Marubuci ne ya cusa mata a baki."

Na ga hannun Don Anselmo ya tsaya a kan filas. Ya buɗe baki, wallahi na ga ya buɗe. Farfesa ya ɗaga yatsa ɗaya, ko kallonsa bai yi ba, dattijon ya mayar da bakinsa ya rufe.

"Mabel," in ji Farfesa. "Ke mai ido mai sanyi. Takalmin ya zauna ko ya tafi?"

Mutum goma sha huɗu a ɗakin ban da malami, ni kaɗai na san abin da ke rataye a jikin takalmin nan. Ba sai na tona asirin kowa ba. Cewa kawai zan yi ya zauna, ya ba ni dariya, shi ne ran labarin. Don Anselmo yana miƙo mini ƙoƙo a daidai lokacin, yana kallona. Na karɓa, na zuƙa, na dubi Farfesa da mayafinsa, na ji bakina yana cewa:

"Yana da daɗi, amma ina ganin labarin ya dogara da shi da yawa."

"Yauwa," in ji Farfesa. "Daɗi shi ne tarkon. A aske."

Na zaro baƙin alƙalamina a gaban mutumin, na bi layin nan na shafe shi, tun daga "Bawan Allah" har alamar tambaya. Har yau ina jin warin tawadar.

A jirgi bai yi mini ƙorafi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Kun fi ni sani." Na ce masa, cikin 'yar muryar munafunci, ai zai iya riƙa karanta mata na farkon a gida, ya kawo mana sabon a aji. Ya dube ni kamar na ce ya sa wa mai kaya ruɓaɓɓen katako a ciki ya rufe da sabon yadi.

"In yi ha'inci ke nan? To me na zo yi? Farfesa ya ce sabon rubutu sai an ba shi lokaci yake kamawa."

Ban sake tayar da maganar ba. Na faɗa sau ɗaya, na wanke hannuna, na koma neman sanyin idona.

Bayan hutun sanyi abin ya zama kamar an saki karnuka. A watan Agusta aka cire auren, wai farin ciki ba ya rubutuwa. A Satumba aka cire sunaye, wai suna yana ƙuntata mutum, aka bar "mutumin" da "matar". Wata yarinya ta ce me zai hana mutumin ya ƙi shiga wurin rawar gaba ɗaya, ajin ya ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo. A Oktoba Tadeo ya ba da shawarar a sa masa taba a hannu, don hannun ya sami abin yi. Don Anselmo bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa, mai aiki cikin auduga da soso ina shi ina wuta. Ya je ya sa tabar.

"Me ta ce?" na tambaye shi a jirgi.

"Ta ce, 'Mijina ba ya shan taba.'" Har da ɗan murmushinsa. "Kin ga ai tana saurara."

"Ta gane ka?"

Ya dubi taga. "Mijina ta ce. Ba ta ce 'kai' ba."

Daga wannan ranar na daina tambaya, shi ma ya daina faɗa. Muka koma hirar tsadar nama da lalacewar jirgi.

Da Nuwamba ta zo labarin ya koma shafi uku. Wani mutum mara suna yana tsaye a ƙofar wani wuri, ana kiɗa a ciki, yana shan taba. Wata mata ta wuce, ba a faɗi kamanninta ba. Bai yi mata magana ba. Tabar ta ƙare, ya taka ta, ya tafi. Shi ke nan. Farfesa ya karanta mana shi da kansa, a hankali, yana lumshe ido, ya ajiye takardar ya ce wannan ne abu mafi kyau da ya fito daga ɗakin nan cikin shekara biyar. Ya ba shi maki goma bisa goma cif, ya sa shi a farkon ɗan littafin da sashen ke bugawa duk ƙarshen shekara. Muka tafa. Ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi ja.

A watan Disamba aka yi bikin karatu a babban zaure, da yamma, ana zafi kamar gidan burodi. Ga giya a kofunan roba, ga empanada, samosar nan tamu mai nama, da ta huce, ga iyaye da 'yan uwa suna fifita da takardar shiri. Marisa ta kawo mahaifiyarta, ta zaunar da ita a layin gaba. Ranar na fara ganin Doña Nilda: 'yar ƙaramar tsohuwa, gashinta fari tas an gyara shi da kyau, idanunta manya. Rawayar riga ce a jikinta, sabuwa, da ganin ɗinkin ka san mai ɗinka kujera ne ya yi shi, ko'ina a ɗaure tam. Na nemi wurin ɓuya na rasa.

Don Anselmo ya hau, ya gyara laƙataye, ya karanta shafi ukunsa. Da ya zo inda matar ta wuce, sai ya tsaya, ya ɗago kai ya dubi layin gaba. Mutane suka ɗauka salo ne, na ji wata a bayana tana cewa "kai, ya iya shiru". Doña Nilda tana ninke takardar shiri, ta ninka, ta sake ninkawa. Ya jira, ya jira, sannan ya mayar da idonsa kan takarda ya ƙarasa. Zauren ya ɗauki tafi. A cikin tafin na ji muryarta, ƙarara, tana ce wa 'yarta:

"Wannan mutumin ya gama? Ni a kai ni gida."

Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙarasa ni. Wajen teburin abinci Farfesa ya tsaya gaisawa da Marisa, ita kuwa ba ta san sirri ba ne, ta faɗa masa komai: ciwon, da karatun bayan abincin rana, da takalmin. Na zuba ido in ga ko fuskar mutumin nan za ta faɗi. Ina! Haske ta yi. Ya ratsa mutane da kofinsa a hannu, ya kama kafaɗar dattijon.

"Haba, Don Anselmo! Kana da wannan a gida ka ɓoye mana? Ai wannan shi ne labarin! Mutum yana karanta wa matarsa, tana dusashewa a gabansa. Shekara mai zuwa shi za ka rubuta mana. Amma a bushe fa, ka ji, ba hawaye."

Don Anselmo ya sunkuyar da kai. Wata tara muna koya masa yin shiru a gaban mutumin nan, ya kuwa koya.

Ni ce bakina ya buɗe, bayan an gama ɓarna. Na ce, "Farfesa, kai kuwa kana da kunya?"

Ya yi dariya, ya nuna ni da kofin. "Wannan zafin, Mabel, a takarda nake son ganinsa."

Da a ce na watsa masa giyar nan a mayafi da yanzu ina da abin tunawa mai daɗi. Ban yi ba. Na ajiye kofina, na fita, ban sake taka ɗaki na goma sha huɗu ba.

Na san abin da likita zai ce, shekara ashirin da shida ina sayar da magungunan ciwon nan. Zai ce ciwon ba ya tsayawa, ko da mu ko ba mu ƙofar za ta rufe. Gaskiya ne. Amma a watan Maris matar nan tana dawowa gida minti goma kullum, kuma ba wanda ya san sau nawa ya rage mata. Mu muka karɓe abin da ya rage, daga Yuni zuwa Disamba, muka ba mijinta wani mutum mai taba ya riƙa karanta mata. Wannan ba ciwo ne ya yi ba, mu ne, da baƙin alƙalami da maki goma.

Ranar Lahadi na hau jirgi a Lanús, na nufi gidan Don Anselmo a Temperley. Na same su a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, sun gama cin taliya. Doña Nilda tana zaune a wata kujera mai hannu da ya yi mata daidai tsawonta. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a irin ta wanda bai san ka ba amma yana da tarbiyya. Na ja Don Anselmo gefe.

"Ina littafin farko?"

"Yana shago."

"Ɗauko shi, don Allah. Duk abin da muka gaya maka ƙarya ne. Ni ma ƙarya na yi, na san ƙarya nake yi tun ranar."

Ya daɗe yana kallona. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya shiga shago, na ji ƙarar aljihun tebur da ƙusoshi suna gangarawa, ya fito da littafin yana kaɗe masa ƙura a cinyarsa. Ya ja kujera kusa da ita, ya sa tabarau, ya fara.

Komai yana nan. Wansa da ƙaton takalminsa, uwarsa da dutsen guga, audugar kujera, rawayar riga har sau biyar. Doña Nilda ta daina wasa da gefen rigarta, ta karkata kai tana saurara. Da takalmin ya sulale auduga tana bin sa, ta kyalkyale da dariya, ta dafa ƙirji. Na ce Allah, Allah.

"Ta taka da kanta," ya karanta, "ta duƙa, ta ɗauko takalmin, ta leƙa cikinsa, ta dube ni ta ce…"

Ya tsaya. Ya sauke littafin a gwiwa, ya dube ta. Ita ma tana kallonsa, fuskarta cike da murna. Wata mota ta wuce a titi. Maƙwabta suna wanke kwanuka, ana jin ƙarar cokula. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

"To, me ta ce?" in ji Doña Nilda. "Ci gaba mana, bawan Allah, ka bar mu a rataye."

Ya ɗaga littafin. Shekara uku yana karanta labarin nan, bai taɓa furta layin da bakinsa ba sai ranar. Ya karanta shi daidai, bai ci ko harafi ba. Ta sake fashewa da dariya, har da tafa hannu.

"Kai, wannan yarinya da baki take!"

Ya ƙarasa sauran shafukan, bai tsallake komai ba. Da ya rufe littafin, ta miƙo hannu ta taɓa hannun rigarsa, yadda ake taɓa baƙon da ya kyauta maka.

"Ka iya ba da labari," ta ce. "To, su biyun nan, sun zauna lafiya kuwa?"

Don Anselmo ya cire tabarau, ya ninke shi, ya sa a aljihu.

"Sun zauna lafiya," ya ce. "Shekara arba'in da biyu."

"Madalla," in ji ta. "Idan ka gan su, ka ce ina gaishe su."